Rufin da Delbert Ya Shafa

Shekara talatin da huɗu Delbert Stutzman ya yi a kan rufin motoci, kuma duk wanda ya san shi a garin Elkhart ya san iyakarsa. Ka zagi hularsa, ka zagi tuƙinsa, dariya zai yi. Amma kada ka kuskura ka ce rufin da ya shafa yana yoyo. A kamfanin da ke ƙera motocin nan masu gida a ciki, da gado da kicin da banɗaki, aikinsa ke nan. Wasu na kafa katako, wasu na jan waya, shi kuwa yana can sama a durƙushe tun ƙarfe biyar na safe, yana bin kowace gaɓa da danƙo. In an gama mota sai a shigar da ita ɗakin gwaji, a sakar mata ruwa ta sama da ta gefe, mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila yana neman ɗigo. Delbert yakan ce a duk shekarun nan sau uku aka taɓa dawo masa da mota, kuma biyu daga ciki laifin mai saka taga ne. Ta ukun ba ya son a tambaye shi.

Da ya kusa ritaya sai ya sayi ɗaya daga cikin waɗanda ya shafa da hannunsa. Suka sa mata suna Opal, sunan kakar matarsa Wanda, wai don su biyun ba sa tashi da safe sai an lallaɓa su. Shekara goma sha tara suna yawo da ita. Sanyi ya shigo su gudu kudu, zafi ya zo su yi bakin tafki, Wanda na soya kifi, Delbert na zagaya motocin maƙwabta yana ɗaga kai yana kallon rufinsu, yana girgiza kai ba tare da an tambaye shi ba.

Duk watan Afrilu yakan hau kan Opal ya kankare tsohon danƙo ya sa sabo. In ya gama sai ya bi gidajen 'yan cocinsu masu irin motar, guda shida, ya yi musu. Ba ya karɓar ko sisi. Kek ɗin tuffa ake kawo masa, shi ma sai ya yi ƙorafin sukari ya yi yawa kafin ya cinye. Wanda ce mai riƙe tsani, kuma ba ta taɓa riƙe shi bakinta a rufe ba.

"Wata rana za ka faɗo, tsohon nan, in rasa wanda zan yi wa faɗa."

"In na faɗo ki duba gaɓar da na tsaya, ki ƙarasa."

Bai faɗo ba. Idonsa ne ya fara cin amanarsa. Gefe yana gani garau, amma tsakiyar duk abin da ya kalla sai ta dushe, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. A watan Mayu likitan ido ya yi masa bayani mai tsawo, ƙarshensa dai shi ne ba shi ba tuƙi. Wanda tana tuƙa ƙaramar motarsu, amma ta ce ita ba za ta tuƙa gida a kan titi ba, ko da wa zai roƙe ta. 'Ya'yansu biyu suna nesa, kuma kowanne ya ce ba shi da wurin ajiye ta. Delbert ya so ya kafa allo a ƙofar gida ya sayar da kansa, Wanda ta ce ba ta son baƙi suna shigo mata suna bubbuɗe durowa. Haka aka yi aka je wurin dillali.

Kirby Landis yana da fili a bakin babbar hanya, tutoci reras, motoci sababbi jere suna ƙyalli. Mutum ne mai fararen haƙora da baki kamar zuma. Ya zagaya Opal sau ɗaya, ya ɗan bubbuga gefenta, ya ce, "Baba Del, mota irin wannan ai ita ke sayar da kanta. Ka ba ni sati biyu." Sharaɗin dai sananne ne: ka bar masa motarka a filinsa, shi ya nemo mai saye, ya cire la'adarsa kashi goma, ya ba ka saura. Kwana ɗari da ashirin ba ka da ikon janyewa, ba ka da ikon yin ciniki da kowa a bayansa. Delbert ya sa hannu inda Wanda ta aza masa yatsa. Sannan ya miƙa wa Landis wani fayil mai kauri, wanda ya rubuta duk ranar da ya canza mai da duk ranar da ya shafa rufi tun shekarar farko. Ya ce a nuna wa duk wanda ya zo. Ya ce kuma a bar ƙofar firiji a ɗan buɗe, a riƙa buɗe tagogi in rana ta yi zafi. Landis ya ce, "An gama," ya jefa fayil ɗin a durowa ko buɗewa bai yi ba.

Sati biyu ya wuce, wata ya wuce, wata uku. Duk ranar Litinin Delbert yana buga wa Landis waya, amsar ɗaya ce: ana ta zuwa kallo, kasuwa ce ta ɗan yi sanyi, a ƙara haƙuri. Sai wata Lahadi bayan coci, Harlan, ɗaya daga cikin masu rufi shidan nan, ya ce masa, "Del, na bi ta wajen Landis sau biyu, ban ga Opal a gaba ba. An sayar ne?" Delbert bai ci abincin kirki ba ranar.

Ranar Asabar Wanda ta kai shi filin. Landis ya fita cin abinci, sai wani mai talla da ba su sani ba, shi ma bai san su ba, Brent, mai ƙaton agogo da takalmi mai tsini. Yana tare da wata mata tsaka-tsakin shekaru mai suna Misis Esparza. Ma'aikaciyar jinya ce da ke bin asibitoci, wata uku nan wata uku can, ta gaji da haya, tana neman gidan da zai riƙa binta. Wanda ta matse hannun mijinta ta ce a hankali, "Kada ka ce komai tukuna. Mu ji."

"Baba, ku ma kallo kuka zo?" in ji Brent. "Ku biyo mu kawai, duk tafiya ɗaya ce."

Suka wuce layin sababbi, suka wuce wurin wankin mota, suka wuce har inda kwalta ta ƙare. Can ƙurya, jikin waya, kusa da durom ɗin shara, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai zubar da baƙaƙen 'ya'ya, nan Opal take. Ko da idonsa, Delbert ya ga kashin tsuntsaye ya yi mata zane daga sama har ƙasa. Brent ya ja ƙofa, wani wari mai ɗumi ya fito ya tare su.

"Yawwa," in ji Brent, yana fifita hanci. "Nakan fara kawo mutane nan ne don su ga abin da ya kamata su guje wa. Wani tsoho ne ya kawo ta, kin san su, sai su ɗauka zinariya suke da ita. Kin ji warin nan? Rufi ne. Ruwa ya gama shiga, katakon duk ya sha. Ki saya yau, baɗi ki kwana da lema. Zo in nuna miki sabuwa, biya kaɗan-kaɗan, ba ciwon kai."

To, ga yadda abin yake, kuma ba a filin Landis aka fara ba. Motar da aka ba dillali amana kashi goma kawai zai samu a kanta. Tasa sabuwa kuwa riba ce tsagwaronta. Saboda haka sai ya ajiye ta amanar a bayan bola, ya bar ta ta yi wari, ya mayar da ita dodon da zai riƙa tsorata mutane da shi suna gudu zuwa wajen tasa. Bai saye ta ba, bai biya hayarta ba, ga ta tana yi masa aiki kyauta, mai ita kuma yana gida yana jiran waya yana godiya. Wata uku cur ana shigo da baƙi cikin ɗakin da Wanda ta ɗinka wa labule da hannunta, ana toshe hanci, ana zagin rufin Delbert Stutzman. Wannan ba ciniki ba ne, cin amana ne da rana tsaka, kuma Landis ɗin yana zuwa coci.

Delbert ya juya wajen Brent. Ya zare hannunsa daga na Wanda.

"Ka hau?"

"Na'am, Baba?"

"Rufin. Ka taɓa hawa ka duba?"

Brent ya yi dariya. "Ba sai na hau ba, hanci ya isa."

"Hancinka bai san aikinsa ba. Warin firiji ne wannan, da kuka rufe shi gam wata uku cikin zafi, bayan na ce a bar shi a buɗe. Warin ruɓaɓɓen katako daban yake, kuma da ka taɓa yin aikin da ya fi yawo da agogo da ka sani. Ni ne tsohon. Ni na shafa rufin nan ranar da aka ƙera motar, ni na shafa shi bana."

Ana haka sai ga Landis ya taho da sauri yana goge baki da takarda, wani ya tsegunta masa. "Baba Del, ashe kai ne. Rashin fahimta ne kawai, yaron sabo ne, mun ɗan matsar da ita ne don ana gyaran gaba."

"Wata uku ana gyaran gaba?" in ji Wanda. "Harlan ya ce tutocinka ma ba su motsa ba."

"Ba ni tiyo," in ji Delbert.

"Tiyo kuma?"

"Na wankin mota. An ce rufina yana yoyo a gaban mutane, a gaban mutane za a gwada shi."

Landis ya shiga kawo dalilai. Inshora ba ta yarda baƙo ya hau mota a filinsa ba. Takardar da aka sa wa hannu ta hana mai mota magana da mai saye. Wanda ta tambaye shi ko a wane layi takardar ta ce a kai motar bayan bola, don ita ta karanta ta sau biyu ba ta gani ba. Sai Misis Esparza ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Ni dai ina son in ga gwajin nan. In ba za a yi ba, akwai wani fili a gaba." Dillali kuwa komai zai jure ban da ganin mai saye ta juya baya. Aka jawo tiyo.

Delbert yana da shekara saba'in da huɗu. Ya kama tsanin bayan motar ya hau da lalube, ƙafarsa ta san kowane mataki. Ya share 'ya'yan bishiyar da gefen takalmi, yana tsaki. Wanda da Misis Esparza suka shiga ciki, ita Misis Esparza ta ɗauki gaba da fitilar wayarta, Wanda ta wuce ɗakin kwana a baya. Ya saki ruwa kamar yadda ake yi a kamfani, gaɓa bayan gaɓa, ba gaggawa, yana barin ruwan ya taru ya kwanta. Masu kallon sababbin motoci suka fara barowa suna tahowa, har an yi mutum goma sha. Ya durƙusa bakin ƙofar iska ta rufin yana tambaya.

"Gaba?"

"A bushe," in ji Misis Esparza.

"Kicin?"

"A bushe."

"Banɗaki?"

"Ko ɗigo."

Ya ja tiyo zuwa baya, ya daɗe a can fiye da ko'ina. "Wanda, ɗakin kwana?"

Shiru ya ɗan yi tsawo.

"A bushe, Del."

Ya sauko yana huci, wandonsa sharkaf, ransa fes. Abin da ya tara wata uku ya juye shi a kan Landis da Brent a gaban jama'a. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba wani mai takalmi mai tsini da bai taɓa taka tsani ba. Ya ce da a kamfani ne, wanda ya yi wa aikin wani ƙazafi haka ba zai ƙara cin abinci a teburin mutane ba. Ya ce a fito masa da fayil ɗinsa yanzu-yanzu. Wani a cikin masu kallo har ya tafa. Wanda ta fito ta tsaya gefensa, shi kuma ya ɗora hannu a kafaɗarta, kamar yadda ya saba tun da idon ya lalace, don ta tsallakar da shi tiyon.

Kafaɗar a jiƙe take. Wuri ɗaya, faɗin tafin hannu, da sanyi. Ya shafa ɗaya kafaɗar, a bushe. Ya shafa bayanta, a bushe. Wanda kuwa tana ciki duk lokacin da ruwan ke zuba. Shekara hamsin da ɗaya suna tare, bai buƙaci ganin fuskarta ba kafin ya gane abin da ta yi: ta ga ɗigon, ta matsa ta tsaya a ƙarƙashinsa.

"Ina?" ya ce a hankali.

"Del, ka bari."

"Ina, Wanda?"

"Kusurwar hagu, saman gado. Kaɗan ne."

Ya sake kama tsani. Yana hawa yana addu'ar ya tarar da ƙusa, ko ramin da mutanen Landis suka huda, ko inda reshe ya faɗo ya tsaga. Da ya samu haka da ya ji daɗin duniya, don yana da sauran faɗa a cikinsa. Ya durƙusa a kusurwar, ya bi gaɓar da ɗan yatsa. Ba ƙusa, ba tsaga. Layin danƙon da ya ja a watan Afrilu ne, sumul, kyakkyawa, amma ya kauce. Wajen tsawon yatsa ɗaya ya bi ta gefen gaɓar maimakon kanta. Idonsa ya nuna masa wuri, hannunsa ya yi biyayya, kuma bai bi da yatsa ya tabbatar ba, don bai taɓa buƙatar haka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ba wanda ya ji abin da suka faɗa shi da Wanda. Misis Esparza tana can tana buɗe durowar kicin tana murmushi. Da ya yi shiru da an wuce wurin. Ya sauko, ya tsaya inda ya tsaya ɗazu yana faɗa, ya ce da ƙarfin da kowa zai ji, "Misis Esparza, akwai yoyo. Kusurwar hagu ta baya. Ba laifinsu ba ne, ni na tsallake wurin."

Sai Brent, wannan Brent ɗin, ya gyara agogo ya ce, "Ai na faɗa."

Kai, wani mutumin ba kunya a idonsa ko ta kwabo. Delbert ya juya wajen muryar. "Ba ka faɗa ba. Ba ka hau ba, ba ka duba ba, ba ka sani ba. Ƙarya ka yi, kuma don ta faɗo kusa da gaskiya ba ta fasa zama ƙarya ba. Ni na nemo shi, ni na faɗa. Rufe mini baki."

Misis Esparza ta wuce ɗakin kwana ta hau gado, ta danna silin da babban yatsa ko'ina a kusurwar. Katakon da ƙarfinsa, bai fara laushi ba. Ta fito ta ce, "Mista Stutzman, filin dillalai huɗu na zaga, na ga mota ta kai goma sha biyu. Yau ne karon farko da wani ya faɗa mini aibin abin da yake sayarwa. Za ka iya gyarawa?"

"Danƙon yana akwatin gefe, na biyu daga baya."

Sai da suka jira rana ta busar da wurin. A karo na uku ya hau, Wanda na riƙe da tsani, yau bakinta a rufe. Ya kankare, ya goge, ya rufe idonsa gaba ɗaya don kada su sake yi masa ƙarya, ya ja layin yana bin sa da yatsa.

Kafin ya sauko Landis ya riga ya fito da takardu, haƙoran nan duk a waje. Ya karɓi la'adarsa cif, a kan cinikin da bai yi ba, a kan motar da ya yi wata uku yana ɓata wa suna, har yana dafa Delbert yana cewa, "Ban gaya maka ba, Baba Del? Ita ke sayar da kanta." Delbert ya ture hannun. Fayil ɗin da aka zaro daga durowa ya karɓa, ya ba Wanda biro, ya ce ta buɗe shafin ƙarshe ta rubuta kwanan wata, ta rubuta yoyo a kusurwar hagu, an gyara. Ta rubuta.

"Ƙara," ya ce. "Mota ta huɗu da ta yi mini yoyo."

Ta kalle shi, ta ƙara, ta miƙa wa Misis Esparza.

A hanyar gida Wanda na tuƙi da hannu biyu, shi yana riƙe da ragowar danƙon a cinya.

"Da kin bar shi ya ɗiga a gado," ya ce.

"Da na bari."

"Ƙarya kika yi mini."

"Na yi. In an sake kuma zan sake, sai ka kai ni ƙara."

Ya ja tsaki, amma ba da ita yake ba. Ya juya kwalin danƙon a hannunsa, ya taɓa bakinsa, ya ji da saura fiye da rabi. Da suka kusa kwanar unguwarsu ya ce, "Kada ki shiga. Wuce gidan Harlan."

"Yanzu? Ko wando ba ka canza ba."

"A Afrilu na shafa masa, da idon nan. Da na Fasto, da na matar marigayi Troyer. Guda shida ne, Wanda, kuma an ce ranar Talata za a yi ruwa."

Wanda ta kashe siginar da ta kunna, ta miƙe hanya.